Yadda Na Kai Ruwan Kwata Yamai

Tun da na dawo daga Yamai ban sha shayi cikin natsuwa ba. Da na zauna a teburin mai shayi nan Tudun Wada sai wani ya matso ya ce, "Ummaru, wai gaskiya ta an kama ka bakin iyaka da jarkar ƙazanta?" A masallaci ma ban tsira ba, ana sallamewa ake tare ni wajen takalma. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura labarin yana ƙara ƙiba a bakin mutane, don shekaranjiya na ji an ce wai kwana biyu na yi a tsare. Shi ya sa na zauna na rubuta shi yadda ya faru, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda.

Ni ɗan lambu ne, Bagobiri, kuma magatakardan ƙungiyar 'yan lambun bakin gulbi. Lambunanmu suna daidai inda babbar kwatar gari take gangarowa ta faɗa Rima. Duk abin da Sakkwato ta wanke ta nan yake bi: ruwan wanka, na wanki, na mahauta, na marina, har da wanda ba a ambata a gaban abinci. Da shi muke ban ruwa tun zamanin mahaifina. Baƙi ne, yana wari, amma ba ya yankewa ko a tsakiyar bazara, kuma wanda yake da shi ba ruwansa da sayen taki. Latas ɗina in ya ƙosa, ganye ɗaya ya isa ya rufe faranti.

Muna da wata al'ada da ba mu cika faɗa wa baƙo ba. Kowane ɗan lambu yana ware fangali ɗaya can gefe kusa da rijiya, wanda ruwan kwata ba ya taɓawa. Shi muke kira fangalin gida, daga nan iyali suke ci. Sauran duk na kasuwa ne. Haka na tarar ana yi, haka na ci gaba, ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba.

Ana nan sai ga wata injiniya, Rabi, da takardu da taswira. Ta ce ana so a haƙa tafkuna uku a bakin kwatar, ruwa ya riƙa bi ta cikinsu yana tacewa kafin ya isa lambu da gulbi. Amma sai ƙungiyarmu ta sa hannu, don filin namu ne. Da na duba taswirar sai na ga tafkin farko ya zauna daram a kan fangalai goma sha ɗaya na gadon mahaifina, za a musanya mini da wani fili can ƙasa wajen rairayi. Ban da haka, ni a ganina ruwan da aka tace ya zama lami, ba abin da zai tsinana wa shuka. Na fi kowa ɗaga murya a taron. Injiniya ba ta yi fushi ba, ta ce akwai irin wannan matata a bayan garin Yamai, a ba ta mutum ɗaya ya je ya gani. Dattawa suka ce ai mai bakin shi zai je, kuma abin da na dawo na ce, a kansa za a tsaya.

Na yi niyyar in je in kunyata su da hujja. Ranar tafiya da sassafe na gangara kwata na cika jarka mai ruwan ɗorawa, irin ta man gyaɗa, na toshe bakin da leda, na naɗe ta cikin buhu. Matata Asabe ta tsaya a ƙofar zaure tana kallona.

"Mutane na tahiya da kilishi, kai kana tahiya da kwata," in ji ta. "In an tambaye ka, kak ka ce kana da mata."

Mu huɗu ne a motar: direba, Injiniya, ni, da Bawa. Bawa taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, masunci, yana zaune a wani ƙauye can ƙasa da mu a bakin gulbi. Masunta ne suka wakilta shi. Kukansu daban yake da namu. Sun ce duk shekara in ruwan farko ya wanke kwatocin birni ya zuba a Rima, sai kifi ya taso ciki sama, kainuwa ta rufe musu mashigi ta cinye taru, ga shi kuma daga gulbin nan ƙauyensu yake sha. Ni da Bawa ba mu taɓa yin magana ta hankali ta minti biyar ba. Sarkin Kwata yake ce mini, ni kuma in ce masa Angon Tarwaɗa. Duk da haka zumunci bai yanke ba, shi yana aiko mini da busasshen kifi, ni kuma kowane azumi ina aika wa iyalinsa da kwandon latas.

Daga Sakkwato zuwa Illela ba wani labari, sai ramuka da Bawa. Jarka tana bayan mota, rana tana gasa ta. A bakin iyaka aka duba takardunmu lafiya lau, har direba ya tayar da mota, sai idon wani jami'i ya faɗa kan buhun. Wanda ya san Illela ya san abin da jarka mai ruwan ɗorawa cikin buhu take nufi, fetur ne ake tsallakawa da shi. Jami'in Bakano ne, daga buɗe bakinsa na gane.

"Malam, mene ne a ciki?"

"Ruwa na, ranka shi daɗe."

"Kowa haka yake cewa. Sauko da ita."

Na sauko da ita. Na roƙe shi tsakanina da Allah kada ya buɗe, Injiniya ta fara laluben wasiƙar ofis a jaka, amma roƙon nan nawa shi ya ƙara tabbatar masa ya yi kamu. Ya kwance murfin, ya zare ledar, ya kai hanci har bakin jarkar ya ja numfashi mai kyau irin na wanda ya san aikinsa. Ruwan nan ya sha rana tun hantsi. Jami'in nan ya ja da baya taku uku, ya dafa mota, idonsa ya kawo ruwa. Da ya samu magana sai ya ce a hankali, "Malam, me na yi maka?" Bawa kuwa yana can zaune a ƙasa, dariya ta hana shi tashi.

Abin da ya faru ke nan, ko rabin awa ba mu yi ba. Kafin mu isa shingen Nijar wani ɗan acaɓa ya riga ya kai labari. Jandarma ya hango mu, ya ce, "Ku ne masu jarka?" Ya duba takardunmu a tsaye daga nesa da bayan motar, ya buga hatimi, ya ce mu sauka lafiya.

A Ƙonni na fara ganin burodinsu, dogo siriri kamar taɓarya, mutum ya saƙala shi a hammata ya hau babur. Hausa ɗaya muke yi da su, har ta fi ta Kano kusa da tamu, sai dai in an zo faɗin lokaci ko sunan ofis su juye Faransanci su bar ka a tsaye. Bayan Dogon Dutsi Hausar ta fara ƙaranci. A Dosso muka tsaya cin abinci, nan na tuna Zabarmawa abokan wasanmu ne mu Gobirawa. Mai dambu tana ganin tsagen fuskata ta ce wa 'yar'uwarta da ƙarfi, "Rufe tukunya, ga Bagobiri." Ta zuba wa kowa dambu da zogale da mai, ni ta miƙo mini cokali ɗaya a murfin kwano ta ce in ci in gode. Sai da ta ga na fara haɗe rai da gaske sannan ta cika mini kwano har yana zuba, ta ƙara da kifi. Ban taɓa cin dambu mai daɗin wannan ba, amma ban faɗa mata ba.

Mun shiga Yamai gab da magariba. Abin da ya fara ɗaukar idona mata ne a kan babur, da lulluɓinsu da jakarsu, suna kutsawa tsakanin motoci ba wanda ya waiwaya. Bawa ya ce in Asabe ta ga haka na shiga uku. Masaukinmu wani gida ne mai tsakar gida da bishiyar dogon yaro, wata dattijuwa ce take kula da shi, kowa Madam yake ce mata. Na ɗauko jarkata zan shiga da ita ɗaki, don ban yarda in bar hujjata a waje ba. Ashe zafin hanya ya kumbura ta, ta yi tim kamar akuya mai ciki. Na ɗan sassauta murfin don ta huce, ta yi wani huci mai tsawo. Madam ba ta jin Hausa sosai, ni ba na jin Zabarmanci, amma mun fahimci juna nan take. A gindin dogon yaro jarka ta kwana, can ƙarshen katanga.

Da safe aka ba mu burodin nan da wake da ruwan kofi a kwano, ba a kofi ba, sannan muka nufi matatar. Ni injuna nake zaton gani, da bututu da hayaƙi da Turawa. Sai na tarar da tafkuna uku a jere da wani mutum siriri mai hular kaba, Jibo, wanda yake kula da wurin. Ya yi zama a Kamba, Hausarsa garau. Ya fara nuna mana ragar ƙarfe inda ruwan yake shigowa, tana tare leda da tsumma da duk tarkacen gari, kullum sai an kwashe da manjagara. Tafkin farko baƙi ƙirin ne, warinsa ya sa na ji kamar ina lambuna. A nan dauɗa mai nauyi take kwantawa a ƙasa. Na biyu kore ne shar kamar miyar kuka. Na uku kuwa kana ganin ƙasansa daga gefe, ga 'yan karfasa suna yawo.

Na tambaye shi wane magani suke zubawa. Ya ce babu, rana ce da iska da wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani, sai kuma haƙuri, don ruwa yakan yi makonni kafin ya fita. Laka da ta kwanta kuma a kwashe ta, a shanya ta daɗe, ta zama taki. Jibo ba mai cika baki ba ne. Ya ce ba duk kwatocin garin suke zuwa nan ba, wasu har yanzu kai tsaye suke faɗawa kogi, kuma in aka yi ruwa mai ƙarfi tafkunan sukan cika su yi ambaliya.

Daga tafki na uku ruwan ya rabu biyu, wani ya bi lambuna, saura ya gangara kogin Kwara. Can Bawa ya tafi ya tsuguna. Ya daɗe yana kallon wasu masunta biyu da suke jefa birgi 'yan taku kaɗan daga inda ruwan yake zuba. A wurinmu ba mai jefa ko ƙugiya kusa da bakin kwata. Ya ɗebi ruwan a tafin hannu ya sansana, ya sake ɗiba. Jibo ya ce abin da suka saki a nan shi yake bi ta Gaya ya shigo mana Nijeriya. Injiniya ta ce namu na Rima ma can yake zuwa, ya ratsa Argungu da Birnin Kebbi ya haɗu da wannan, kuma duk garin da ke hanya yana sha yana wanka.

Ni dai lambu na zo gani. Shugabar masu lambun yayar Jibo ce, Hamsatu, dattijuwa mai faɗin murya. Tana ganina ta ce wa Jibo ya ƙirga kabejinsa, Bagobiri ya shigo. Na ce yau za a san wanda ya iya lambu. Na sa aka kawo kwalba biyu, aka cika ɗaya da ruwansu, na buɗe jarkata na cika ɗayar. Mata suka watse suna toshe hanci da gyale. Hamsatu ba ta gudu ba, ta ɗaga kwalbata ta duba a rana.

"Wannan ai ya wuce ruwa, miya ce," ta ce.

Na fito da waya na nuna mata hoton latas ɗina, na tsuguna na gwada da nata. Nata mai kyau ne, ba laifi, amma nawa ya kusa ninka shi. Ta duba, ta sake dubawa, ta ce gaskiya ruwana ya fi nasu ƙarfi, su sai sun ƙara da takin lakar nan. A gaban Injiniya ta faɗa. Na ji daɗi har cikin raina, na ce a zuciyata fangalan Baba sun tsira, abin da na zo nema na samu.

Da azahar ta yi aka shimfiɗa tabarma a gindin mangwaro. Hamsatu ta miƙa hannu ta yanko latas daga fangalin da yake dab da ƙafafunmu, wanda na ga ruwan tafki yana shiga da idona. Ta wanke shi da ruwan famfo da ɗigon magani, ta yayyanka da tumatir da albasa, ta barbaɗa ƙuli. Jikokinta biyu mata suka zauna suka fara ci. Aka turo mana namu kwanon, ni da Bawa. Na kai hannu, sai hannun ya tsaya da kansa. Na rage murya, don kada in ba ta kunya, na ce, "Inna, wanga na hwangalin gida na, ko na kasuwa?"

Ba ta gane ba. Ta dubi Jibo, shi ma bai gane ba. Ni kuma, da yake ranar bakina ya buɗe, sai na shiga yi musu bayani dalla-dalla, har da ɗan alfahari, yadda kowane ɗan lambu mai hankali yake ware na iyalinsa kusa da rijiya. Hamsatu ta saurare ni har na gama.

"To su masu sayen na kasuwar," ta ce, "ba su da gida ne?"

Na buɗe baki in mayar da wasa, don tsakaninmu da Zabarmawa komai wasa ne. Amma ba da wasa ta yi tambayar ba, so take ta sani. Kafin in samo amsa Bawa ya cire hannunsa daga kwano.

"Taubashi," ya ce, "kwandon da kaka aiko muna duk azumi, daga wane hwangali shika hitowa?"

Na so in yi ƙarya, Allah ya sani. Amma Bawa ya san lambuna, ya san fangalin gida bai fi tabarma biyu ba, ba zai cika wannan kwandon ba. Manya-manyan nake zaɓar masa, masu faɗin ganye, don a ga kyautar ta yi kyau. Ban taɓa ɗaukar abin a matsayin cuta ba, kuma wannan ne ya fi ba ni kunya da na tuna.

"Muna can ƙasa muna shan abin da kunka rage," ya ce. "Ashe har cikin kwando kaka aiko muna shi, ɗiyana na buɗa baki da shi."

Bai ɗaga murya ba. Ya ci gaba da cin latas ɗin Hamsatu, ni kuwa ban san ɗanɗanon abin da na ci ba.

Kafin mu tafi na juye jarkata a tafkin farko, Jibo ya ɗauraye ta ya cika mini da ruwan na uku. Washegari muka kamo hanya. Bawa ya nemi Injiniya ta bar masa gaban mota, wai ƙafarsa tana ciwo. A Dosso mai dambu ta yi ta tsokanata, ban iya ramawa ba. Da Bawa zai miƙo mini ruwa sai ya ce, "Ga ruwa, Malam Ummaru." Shekara hamsin muna tare bai taɓa kirana da wannan sunan ba, kuma na fi son ya zage ni. A Illela muka tarar da Bakanon nan. Yana hango jarkar ya ɗaga hannu biyu ya ce mu wuce. Da fetur ne a ciki da na tsallaka da shi lafiya.

Ranar Asabar ƙungiya ta taru a gindin tsamiyar lambu. Na faɗa musu gaskiya: ruwanmu ya fi nasu ƙarfi, latas ɗinsu bai kai namu ba, filin da za a ba ni bai kai na Baba ba. Wani dattijo ya ce, "To, mun ƙiya ke nan." Na ce ni dai zan sa hannu. Wuri ya kaure, wani ya ce a tambaye ni abin da aka ba ni a Yamai. Na bari suka lafa, sannan na ce duk wanda zai yanki latas daga fangalinsa na kasuwa ya kai wa iyalinsa su ci yau, ya tashi ya yanko, ni kuma in yaga takardar a gabansa. Ba wanda ya tashi. Ba kowa ya yarda ba, akwai mutum biyu da har yau ba sa amsa gaisuwata da kyau, amma an sa hannu.

Ba a fara haƙa ba tukuna. An dai zo an kafa turaku masu jan fenti a cikin fangalan Baba, kuma duk safiya in na gan su sai raina ya sosu, ba zan ɓoye ba. Ruwan da Jibo ya cika mini a jarka kuwa shuka shida kawai ya isa, Asabe ta ce wannan ce tsarabar da ta fi kowace tsada a Tudun Wada.

Ran Litinin na tuge fangalin gida gaba ɗaya, ko rabin kwando bai yi ba. Na ɗaura a babur na bi gefen gulbi har ƙauyen su Bawa. Na same shi a ƙofar gida yana gyaran taru. Na ajiye kwandon a gabansa, ya leƙa ciki.

"Ƙanana na," ya ce.

"Na gida na."

Ya aika da shi ciki. Jim kaɗan aka fito da shi a kwano, an yanka an sa ƙuli. Ya tura kwanon gabana ya ce, "Hwara ci." Na yi bisimilla na ci loma ɗaya, na ci ta biyu, yana kallona. Ina kai hannu ta uku ya janye kwanon zuwa gabansa.

"Ya isa hakanan, Sarkin Kwata," ya ce. "Kai ka kawo, kuma kai za ka cinye?"